Teburin Anti Dakata

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Yuni, da hantsi, ina ƙofar sito ina jera kwalaye direbanmu ya zo ya tsaya a gabana. Da ƙyar ya ce, "Anti ta cika." Wanda Ya ba mu aronki Ya karɓi abinSa, mu ma can muka nufa.

Anti, ni ba marubuci ba ne. A jikin kwalayen magani da tsofaffin jaridu na koya wa kaina karatu. In rubutun ya karkace ki yi haƙuri da shi, kamar yadda kika saba haƙuri da bakina.

Aikinki a kamfaninmu na rarraba magunguna kula da kwamfutoci ne. Ba wanda ya ce ki koyar da kowa. Kin nemi ɗakin taro don ki koya mana tsare kai daga 'yan damfara aka ce babu, kin nemi awa ɗaya cikin lokacin aiki aka ce aiki ya yi yawa. Sai kika ɗauki kularki kika sauko ɗakin cin abincin ƙananan ma'aikata, kika zauna a teburin nan mai gajeriyar ƙafa da muke tokarewa da kwali. Duk Talata da Alhamis, ƙarfe ɗaya, cokali a hannu ɗaya waya a ɗaya, kina karanta mana saƙonnin 'yan damfara muna dariya. Ba kya jimla uku sai kin ce "dakata tukuna," har sunan ya bi ki.

Ranar farko na ce miki, "Anti, mu da ko kwamfuta ba ma taɓawa, me ɓarawo zai sata a wurinmu, cokali?" Kika ce, "Ƙanena, makullin sito a aljihun wa yake?" Tun da nake ba a taɓa rufe min baki da sauri haka ba.

Kina da wata ƙa'ida da ban ga irinta ko'ina ba: duk wanda ya faɗi kuskurensa da bakinsa, shi zai ci naman da ke cikin kularki. Akawun da ya manna kalmar sirrinsa a ƙarƙashin tebur ya ci. Maigadi ya ci sau biyu, don ya buɗe wa baƙo ƙofa saboda kawai ya gan shi da kwat. Kin ce kuskuren da aka ɓoye shi ɓarawo ke so. Babban darasinki kuwa guda ne: duk wanda ya kira ka yana gaggauta ka, kashe wayar, ka kira shi da kanka a lambar da ka sani.

Mako uku kafin rasuwarki, kina asibiti, wata baƙuwar lamba ta kira ni. Muryar Manaja ce. Ya ce wayarsa ta mutu, mota na tafe, in fitar da kwali arba'in, takarda za ta biyo baya. Na ce, "Ranka ya daɗe, zan kira ka a lambarka." Na kashe. Lambarsa a rufe. Motar ta zo, na datse sito na zauna a benci awa biyu.

Ashe da gaske shi ne.

Mai sayen kayan ya yi fushi ya tafi wani wuri. Aka ba ni takardar tuhuma, wai rashin ɗa'a. Bakina ma bai taimake ni ba, don na ce wa Manaja murya ba sa hannu ba ce. Kowa ya san kora ce ke jirana, ga mahaifiyata da ƙannena biyu 'yan makaranta duk ni suke kallo. Ban gaya miki ba, na ga abin da ke kanki ya isa. Baba mai shara ce ta kai miki labari, kika sa aka tayar da ke zaune kika yi rubutu, maigidanki ya kawo ofis.

Kwamitin ladabtarwa ya zauna kan maganata kwana biyar bayan mun kai ki makwanci. Manaja da kansa ya buɗe wasiƙar ya karanta: "In kun kore shi, kun koya wa kowane ma'aikaci ya buɗe sito ga duk mai iya kwaikwayon muryarku. In laifi ne, ni na koya masa, ku haɗa da ni." Ya daɗe yana kallon rubutunki da ya karkace saboda ciwo, sannan ya ɗauki takardar tuhumar ya yaga. Washegari aka manna sanarwa cewa duk umarnin da ya zo ta waya sai an sake kira an tabbatar, ko da daga bakinsa ya fito.

Yanzu manyan da ba su taɓa leƙo teburinki ba suna ta cewa ke ginshiƙi ce. To, madalla. Kina raye ko kujera ba su ba ki ba. Amma na yi alkawarin ba zan yi faɗa a ta'aziyyarki ba, na yi shiru. Abin da na sani, kina gadon mutuwa kika tsaya wa mai sito, kuma abincin gidanmu bai yanke ba. Duk inda na shiga zan ce ni ɗalibinki ne, da ƙarfi zan faɗa.

Allah Ya jiƙan ki, Anti. Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara, Ya tsaya miki ranar da ba mai tsaya wa wani. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'ya'yanki uku, da mahaifiyarki da ta ga abin da uwa ba ta fatan gani. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da kika bari. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.