Ƙofar Ɗaki Na Uku

Ban taɓa mantawa da ranar da na sa aka yi gadin ƙofa kwana uku a banza ba. A farkon shekarun 2010 ne, cikin watan Sha'aban, ina aikin sito a wani kamfanin ajiyar kayan sanyi a unguwar Al-Shifa, kudancin Riyad. Kaji da nama muke ajiyewa, kuma idan azumi ya gabato aiki ninkuwa yake yi.

Kamfani ya sayo sababbin ɗakunan sanyi uku, aka turo wani Barashe, Injiniya Sergei, ya harhaɗa su. Ba ya jin Larabci, Turancinsa kuma bai wuce gaisuwa ba. Mudir, wato manajanmu Abu Fahad, ya duba takarduna ya ga na yi karatu shekara biyar a Rasha ina saurayi. Nan take ya ɗauke ni daga sito ya naɗa ni tafinta, har da teburi a ofis mai na'urar sanyi. Ban gaya masa cewa na kusa shekara ashirin rabona da harshen ba. Iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ta kusa ƙarewa, shi ne kuma zai sa hannu a sabunta ta, saboda haka na gyara wuyan riga na ce aikin ƙarami ne.

An gama ɗaki biyu lafiya. Ranar Lahadi Sergei zai tafi Dammam karɓo wasu sassan inji. Yana jan jakarsa ya tsaya a ƙofar ɗaki na uku, ya buga ta da tafin hannu, ya ce, "Nilzya atkrit." Na san nilzya hani ne, atkrit kuma buɗewa. Na juya na shaida wa Mudir cewa injiniya ya ce mamnu'i, kada kowa ya buɗe.

Abu Fahad ba ya wasa da doka. Kafin la'asar an ɗaure ƙofar da sarƙa, an manna gargaɗi cikin harshe huɗu, an ajiye wa Malam Isuhu mai gadi, mutumin Maraɗi, kujera a wurin. Washegari labari ya bazu cewa iskar gas mai kisa ce a ciki. Masu dakon kaya suka riƙa zagayawa ta bayan gini. Da suka tambaye ni, sai na gyaɗa kai na ce su Rashawa ba sa yin magana a banza.

Ranar Laraba Sergei ya dawo, ya nufi ƙofar kai tsaye. Malam Isuhu ya miƙe ya tare shi, ya ce umarnin da aka ba shi bai ware kowa ba. Aka kira ni, aka kira Mudir. Sergei ya dubi sarƙar, ya dube ni, fuskarsa ta yi ja. Ya ce shi cewa ya yi hannun ƙofar ya maƙale, ta ƙi buɗuwa, ya zaci za a gyara kafin ya dawo ya gama haɗa wayoyi. Ga shi washegari motar kaji za ta iso, ɗaki biyu kuma sun cika.

Ya ɗaga yatsu biyu ya yi mini darasin ajin farko a gaban mutane. A Rashanci kusan kowane aiki yana da siffa biyu, ɗaya ta yin aikin kawai, ɗaya ta kai shi ƙarshe. Idan ka haɗa nilzya da ta farko, atkrivat, ka hana. Idan ka haɗa da ta biyu, atkrit, kana nufin abin ya gagara. Abin da ya fi ba ni kunya, mu ma muna da shi a Hausa. Ba a buɗewa daban, ba ta buɗuwa daban.

Abu Fahad ya ce, "Ya Sani, me yake cewa?"

A wurin nan ni kaɗai nake jin harsunan biyu. Da na ce injiniya ne ya sake shawara, da maganar ta zauna. Na ce, "Ya Mudir, cewa yake tafintanka ya yi kuskure, kuma gaskiya ya faɗa."

Ya dube ni, sannan ya sa aka ɗauko wani maƙeri daga unguwar Gubaira. Minti goma bai cika ba ƙofa ta buɗe. Ɗakin ba a kunna shi ba tukuna, ga zafin Riyad, ga kuma kwanon abincin Sergei da ya bari a ciki, kifi da albasa. Warin da ya fito ya watsa mu duka. Malam Isuhu ya toshe hanci da rawaninsa ya ce ashe dai maganar gas gaskiya ce. Abu Fahad ya yi dariya har ya dafa bango, Sergei ma da na fassara masa sai ya sake.

Muka taru muna miƙa wa Sergei kayan aiki har magariba. Da hantsin Alhamis kaji suka shiga ɗaki mai sanyi. Mudir bai mayar da ni sito ba. Ya ce tafintan da zai fassara laifin kansa daidai ya fi masa wanda bai taɓa kuskure ba.

Ku da kuke shigowa aikin tafinta yanzu, abin da na ɗauka ke nan. Ranar Lahadin nan na ji wata 'yar tantama a raina, amma na ji kunyar a gan ni ina cewa a maimaita. Tambayar daƙiƙa biyar ce na ƙi yi. Tun daga lokacin duk wanda ya ce mini nilzya, ko jirgi zai bar shi, sai na riƙe hannun rigarsa ya faɗa mini ko hanawa ya yi, ko kuwa abin ne ya gagare shi.