Ranar da Iska ta Ɗauke Kwanon Ɗakin Hatsi

Jiya a shago ɗana ya miƙo mini waya, wai in ga dusar ƙanƙara ta binne wani gari a kan duwatsu, can wata ƙasa. Farin dusar bai dame ni ba. Kukan iskar ne ya sa na ajiye wayar, don na san shi.

A Unguwar Rogo na tashi. Mahaifina hatsi yake sayarwa, kuma a ɗaki guda yake tara geron kasuwa da na cinmu. Wata bazara ya rushe soron ɗakin ya buga kwano, na farko a layinmu. Har maƙwabta suka riƙa shigowa kallo.

Kakana ya zagaya ɗakin da sandarsa, ya ce, "A aza mishi duwatsu."

"Haba Baba," in ji mahaifina, "sabon kwano? Sai a ce gidan matsiyata ne."

"Iskar gabas ba ta san sabo ba, ɗan nan."

Ba a ɗora ba.

Wata rana a farkon damina hadari ya haɗo bayan la'asar, baƙi ƙirin. Awaki suka shige zaure da kansu. Sai ƙanƙara ta fara zuba, manya kamar goriba, ƙararta a kan kwano ta hana mu jin juna. Kakata ta tura ƙwarya bakin ƙofa tana tara ta, wai maganin zafi ce. Wani yana kiran salla a masallacin layi, kamar yadda ake yi idan iska ta yi tsanani. Ina leƙe ta taga na ga kwanon ya ɗaga baki, ya koma, ya sake ɗagawa. Daga nan ya tashi ɗungurungum da katakonsa.

Muka yi ta jan buhuna cikin ruwa, ƙanƙara na dukan kawunanmu. Kaɗan muka tsirar. Sauran geron ya kumbura, ya tsira a cikin buhu, warinsa ya cika gidan. Daminar nan tuwon dare kawai muka sani. Kakana bai taɓa cewa "na faɗa maka" ba, kuma ina jin shirun ya fi yi wa mahaifina ciwo.

Yau kwano nake sayarwa a Sama Road. Kafintoci suna rantse mini cewa ƙusar zamani ba ta sakewa, ni ma haka nake gaya wa masu saye. Amma in ka hau rufin sitona, ta baya inda ba a hange daga titi, za ka tarar da duwatsu jere.