Ranar da na kai Umma lambun da ta girma

Shekarun baya, lokacin da ƙafa ta fara yi wa mahaifiyata gardama, ta matsa mini sai na kai ta wani tsohon lambu a hanyar Ɗa'ifa. Ta ji labarin masu shi sun buɗe shi ga jama'a. A can ta girma. Mahaifinta ya zo aikin Hajji daga Kano a ƙafa, ya zauna yana yi musu ban-ruwa har ya rasu.

Muka tashi daga unguwar Zahir da sassafe. Ni dai yawon buɗe ido na ɗauka, muna shiga na hau ɗaukar hoton rumman da inabi kamar baƙon jiya. Ita kuwa ko kallonsu ba ta yi ba. Ta nufi wani dattijo da ke tarbar baƙi, ta tambaye shi 'yar mai lambun, wadda suka yi wasan ƙasa tare.

Ya kira ta “ya khala”, wato inna da Larabci, ya ce, “Mahaifiyata ce. Tana nan, amma ko ni ba ta gane ni yanzu.”

Na ce, “Umma, mu haƙura mana.”

Ta ce, “Ba don ta gane ni na zo ba.”

Ya kai mu bayan wata tsohuwar rijiya, inda ba a barin baƙi. Tsohuwar na zaune a keken marasa lafiya, ta ƙura wa bango ido. Umma ta yi mata sallama, ta yi mata magana da Larabci, shiru. Sai ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta ɓare rumman, tana ba ta 'ya'yan a baki. Can ta ce da Hausa, a hankali, “Ina gajiya?”

Tsohuwar ta juyo ta ce, “Ba gajiya.”

Dattijon ya rufe fuska da rawaninsa. Bai taɓa sanin mahaifiyarsa ta iya Hausa ba. Daga haka ba ta ƙara cewa komai ba, Umma ma ba ta nema ba. Suka zauna har aka kira la'asar.

Duk su biyun sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Har yau ban san ko ta gane Umma ba. Abin da na sani, tun daga ranar na daina cewa ba amfani a je gaida wanda ba zai tuna an je ba.