Kwaɗon da na ɗaura wa tafireta

Shekarun baya, zamanin da kuɗin fetur ya shigo ana ta buɗe makarantu, ni ce mai buga tafireta a wata sakandare nan Gombe. Ni kaɗai ce mace a ofis, ga ni sabuwar amarya, ina taku ɗaiɗai.

Tambayoyin jarrabawa a sitansil muke buga su, wata takarda mai kaki da ake ɗora wa inji ya fitar da kwafi. Ba a sa tawada, harafi huda ta kawai yake yi, sai ka ɗaga ta ga haske kafin ka ga rubutun. Wata rana na bar rabin aiki a cikin tafireta na tafi sallar azahar. Ashe wani malamin lissafi mai koyon bugu da yatsu biyu ya zauna, ya ɗauka takardar banza ce, ya buga abin da ke ransa. Na dawo na ɗora daga inda na tsaya. Ni da nake cika bakin ba na kuskure, ko dubawa ban yi ba.

Ranar jarrabawa aji ya kece da dariya. Tsakanin tambaya ta uku da ta huɗu ga "ina son ki har abada" ɓaro-ɓaro. Wa ke bugu? Ni. Kafin magariba magana ta isa Nasarawo wurin uwar mijina, wai ina soyayya a ofis. Malamin kuwa ya yi gum. Na ji ciwon shirun nan fiye da dariyar.

Washegari na sayi kwaɗo, na sa aka huda murfin tafireta, na kulle, na ɗaure makullin a bakin zanena.

Shugaban makaranta ya kira ni. "Malama, kayan gwamnati ne fa. Kawo makullin."

Na ce, "Ranka ya daɗe, tafireta ta gwamnati ce, amma sunan da ake yawo da shi a gari nawa ne. Wanda ya buga ya fito ya faɗa, sai in bayar."

Ya ce zai iya sallamata. Na ce to, makullin zai raka ni gida. Ban kwance shi daga bakin zanen ba.

Ba a sallame ni ba, ba wanda ya fito. Sai bayan malamin ya bar makarantar masinja ya faɗa mini shi ne. Mijina dai ya yarda da ni tun ranar farko, uwarsa ce ta ɗauki lokaci.

Kwanan nan jikata ta nuna mini yadda ake kulle rubutu a kwamfuta, kowa ya karanta amma ba mai taɓawa. Ta ce, "Hajiya, sabon abu ne." Na buɗe adakata na miƙa mata makullin. Har na yi ritaya ba wanda ya zo ya ce shi ne, ni ma ban bayar ba.