Ranar da Sarkin Ruwa Ya Ƙi Yaya

Tun da aka fara zaman duniya babu shari'ar da ta gagari masu hankali kamar wannan: idan mutum ya roƙi abu a cikin wasa, bakinsa ne zai ba shi ko ƙwayar ludo? Na yi shekaru ina nazarin wannan mas'ala, kuma ta ci mini abokai.

Lokacin ina koyarwa a Yendi, baƙo daga Salaga, ban san kowa ba sai dangin matata. A jami'a na koyi wani wasa da ake yi a bakin tebur: mutum ɗaya ya riƙe labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya yi magana da bakinsa, in an zo wurin da ba a san yadda za ta kaya ba sai a jefa ƙwaya. Na ɗinka masa rigar gida. Labarina na ayarin fatake ne da suka ɗauko goro daga Salaga za su arewa. Ranar Asabar bayan la'asar muke zama mu huɗu: ni, wasu malamai biyu, da yayan matata, mai shagon yadi a kasuwa, wanda nake kira Yaya. Shi ya ɗauki madugu, ba wanda ya yi mamaki.

Faɗa da 'yan fashi bai taɓa kawo gardama ba, ƙwaya ke yankewa. A wurin magana aka samu cikas. Duk wanda ayarin ya tarar a hanya, mai gadin ƙofar gari ne ko dillali, ni ne bakinsa. Yaya zai gyara zama ya roƙi abu, ni kuma in dubi fuskar mutumin da ya zauna a gaba ranar ɗaurin aurena. Ta ina zan ce a'a? Haka kowane sarki a labarin ya zama ƙanen Yaya. Malaman nan biyu kuwa ko ruwan sha suka roƙa sai an ja musu rai, domin sa'o'ina ne.

Sai na kafa doka. Kowa ya yi maganarsa yadda ya iya, in ta yi daɗi a ƙara masa maki ɗaya, amma ƙwaya ce alƙali. Na yi musu bayani kamar a aji, duk suka gyaɗa kai.

Asabar ta gaba ayari ya iso bakin kogi da ruwa ya cika, ana neman sarkin ruwa ya ƙetarar da su. Yaya ya yi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali da gajiya da lafiyar jirage, ya ambaci zumuncin kakanni. Gaskiya ya yi magana. Na ba shi makinsa, ya jefa ƙwaya, ta ba da ɗaya tak, ko da makin bai kai ba.

Na ce da muryar sarkin ruwa, “Ba zan ƙetarar da ku ba.”

Ɗaya daga cikin malaman ya soma duba wayarsa.

Yaya ya ce, “Ticha, ni ka ce wa a'a?”

“Ba ni ba ne, Yaya, ƙwaya ce.”

“Ƙwaya na da baki? Daga bakin wa ta fito?” Ya juya wurin sauran. “Ku ji mini sarkin ruwan Salaga. Babba ya gaishe ka har da kakanninka, ko ‘Allah ya kai mu gobe’ ba ka iya ba? Wa ya raine shi?”

Suka yi dariyar da ake yi wa babba. Ya saka takalminsa, ya ce yana da baƙi a shago.

Kafin mako ya zagayo magana ta kai gidan surukaina cewa na yi wa Yaya rashin kunya a gaban mutane. Na sayi goro na gaske, na nemi wani dattijon unguwa ya raka ni, na durƙusa na ba da haƙuri a kan abin da wani mai jirgi da ba a taɓa haifa ba ya faɗa. Dattijon bai gane laifin ba, amma ya roƙa da kyau. Yaya ya ce ya wuce. Bai sake zuwa ba, malaman ma kowa ya samu uzurin Asabar.

Har gobe ina kan bakana. Wasan da babba ba ya faɗuwa a cikinsa gaisuwa ce kawai ake yi da tebur a tsakiya. Abu ɗaya na karɓa daga Yaya: na gyara dokar, yanzu in ƙwaya ta ƙi, mutumin labari zai ce a dawo gobe, kowa ya gane, ba wanda ya ji kunya. Na tabbata babu littafin dokoki a duniya da ya kai nan.

Bayan an mayar da ni Bawku na karanta wa matata gyaran, na ce da tun farko haka na yi da har yanzu Yaya na wasan. Tana tsince shinkafa ta ce ai Yaya bai taɓa son wasan ba. Ita ta roƙe shi ya riƙa zuwa don ta ga ba ni da abokai a Yendi, malaman biyu kuma shi ya ce su zo.