A Daura ya rasu, a Dutsi yana raye

An tura wa mace saƙon waya wai ta kawo ɗanta rigakafi, alhali ƙasar kabarinsa ba ta gama bushewa ba. Har yau abin yana ci mini rai, kuma ban yafe dariyar da aka yi a ofis ba.

Ina da jikoki na shiga makarantar manya. Daga nan na koyi kwamfuta, har na iya rubuta mata umarni ta bi. Wata ƙungiyar lafiya a Daura ta ɗauke ni kula da bayanan yara. Babban rumbun bayanan yana wurinmu. Daga cikinsa ake yanko kason kowace ƙaramar hukuma a ba ma'aikatan can, su gyara abin da suka gani, kuma daga kason nan saƙonnin rigakafi ke fita zuwa ga iyaye.

Yaron ɗan Dutsi ne, sunan mahaifin ubansa ya ci. Uwar kuwa ba ta kama sunan suruki da bakinta. Sai ma'aikaciyar Dutsi ta tausaya mata, ta goge sunan yanka a nata kason, ta sa wanda ake kiransa da shi a gida. Da ya rasu a asibiti nan Daura, muka rubuta a babban rumbu. Amma da suna kwamfutar ke haɗa rumbun da kason Dutsi. Ta nema ba ta samu ba, ta bar shi a raye a kason Dutsi, saƙo ya fita.

Uwar ta hau mashin ta zo da kanta. Ta miƙo mini wayar, ta ce, "Inna, in tono shi ne?"

Na shiga wurin shugabanmu. Ya ce, "Hajiya, kuskure ɗaya ne. A goge shi da hannu, shi ke nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, nuna mini gidan da ba a sakaya suna a ƙasar Daura. An goge wannan, sauran fa? Wata uwar za mu jira ta zo?"

Ya yi dariya. "Ke dai da rigima! To, in kin iya, ga fili."

Mako mai zuwa wasu saƙonnin za su fita, ban kuma san yara nawa ne sunansu ya rabu biyu ba.

Washegari na riga mai shara zuwa ofis. Na tsayar da saƙonnin duka. Na rubuta umarni: kada saƙo ya fita sai ya tambayi babban rumbu ya tabbatar yaron yana raye tukuna. Sannan na fara ba kowane yaro lambar da za ta bi shi duk inda aka kai kasonsa, uwarsa ta kira shi yadda ta ga dama.