Mai Awon Samari da Kara

Kwana uku ke nan Fanna mai abinci tana ganin wani mutum a ƙofar wani kamfanin roba a Sharada, ta kasa gane inda ya dosa. Dogo ne har ya ranƙwafa, gemu duk furfura, yana ɗingishi, usur na reto a wuyansa. In ma'aikata sun tashi, ba ya duban fuska, sai tsayi. Da ya hango zanƙalelen saurayi sai ya tare shi, ya sa shi ware hannuwa, ya gwada shi da dogon kara.

Ita dai a saninta gawa ake aunawa da kara.

"Malam, lafiya kuke auna rayayyu?"

"Ƙwallon kwando ne, Hajiya. Manyan 'yan wasana duk Legas ta kwashe. Da yara zan sake gini, shekara biyar mu ɗauko kofi."

Ta dubi furfurar, ta rasa ko hauka ne ko imani. Sai ga ɗanta Sagir ya fito, kansa na gogar saman ƙofa. Mutumin ya ɗaga kara.

"Kai, ajiye karan nan!" in ji Fanna. "Nawa dai da igiya za a auna shi."